Cefanen Hure a Shekarar Fari

A Toranke, in mata suka haɗu wajen sussuka ko a gidan suna aka ɗauko zancen riƙon gida, sunan Hure matar Badaru ake fara kawowa. Ba wai tana da abin hannu ba ne. Gidan nasu ɗaki uku ne da zaure, da rumbu biyu, da turken jaki a gindin wata tsamiya. Mijinta manomi ne kamar kowa a garin, gero da dawa na ci, gyaɗa ta kuɗi. Abin da aka san ta da shi ɗaya ne: tun da aka kawo ta gidan, ba a taɓa jin kuɗin cefane sun ƙare mata kafin kasuwa ta zagayo ba.

Bafulatana ce, daga wata ruga da ke bayan Gafasa. Uwarta ta rasu tana ƙarama, ubanta Bubayero bai sake aure ba, ya rene ta a tsakiyar shanunsa. Dogon mutum ne marar magana, sai ya wuni da kai bai ce maka komai ba ban da gaisuwa. Ita ce 'yarsa ta fari, ita ce kuma ta ƙarshe, don haka ko sunanta ba ya kamawa, yarinya yake ce mata. Tun tana 'yar shekara tara take ɗaukar ƙwaryar nono zuwa kasuwar Ajingi, ta sayar, ta sayo gero da gishiri da kanwar shanu, in ta miƙa masa canji ya ce ta riƙe. A can Badaru ya gan ta. Ya yi wata bakwai yana sayen nonon da ba ya bukata, aka ɗaura musu aure shekara uku kafin a sami mulkin kai.

A gidan ta tarar da uwar mijinta, Gaji, wata gajeruwar tsohuwa mai surutu da son dariya. Da yake matar aure ba ta fita, Gaji ce mai zuwa kasuwa. Duk ranar kasuwar Ajingi da safe Badaru zai ajiye sule uku a bakin tabarma ya wuce gona, sauran aikin na matan biyu ne. Hure za ta durƙusa a ƙofar ɗakin tsohuwar ta jero mata abin da za a sayo.

"Inna, gishiri na taro. Manja na sisi, amma kada ki saya a bakin kasuwa, ki shiga ciki, ludayinsu ya fi zurfi. Barkono akwai saura. Nama na nai, ki ce ya sa ƙashi."

"Ni da ba haƙora kike aike in sayo ƙashi," Gaji za ta ce tana ɗaura kallabi.

"Tsoka miya ɗaya take yi, Inna. Ƙashi sai ya yi uku."

Abin da hannu zai iya yi a gida kuwa, ba ta yarda a fitar masa da ko anini. Da kaka take tsinkar kuka ta shanya a inuwa, ta yanka kuɓewa ta busar, ta dafa kalwa ta yi daddawar da za ta kai ta wata shekara. Gyaɗar da Badaru ya bar mata ita take soyawa ta matse mai, ta yi ƙuli-ƙuli da tunkuzar. Sabulu sai ta yanka shi huɗu ta busar kafin a fara amfani da shi, wai ɗanye ya fi saurin narkewa. Duk da haka miyarta ba ta salam, mai wucewa ta bayan danga yana jin ƙamshinta. Abu ɗaya da ba ta taɓa ragewa ba shi ne goron Gaji na taro.

Da aka shiga yaƙin basasa manja ya ɗauke, gishiri ya yi tsada har wasu gidajen suka koma cin tuwo lami. Hure ta koma man gyaɗa, ta tace ruwan toka tana ɗan ɗiga wa miya, gishirin taro ya riƙa kai ta mako biyu. Maƙwabta suka riƙa aiko 'ya'yansu mata su tambaye ta dabara. Badaru ya so ya ƙara mata sule ɗaya, ta ce ya bar shi ya tara na haraji. Tana jin daɗin wannan abu a ranta, ko da yake ba ta faɗa. Ba ta iya kitso ba, ba ta da murya, ba ta da dangi a garin, amma wannan ɗin nata ne, babu wadda ta kama ƙafarta. A cikin shekarun nan ta haifi shida, uku suka tsaya: Datti babba, sai Barira, sai auta Baiwa.

Daminar 1972 ta zo da gardama, aka dai sami abin da aka samu. Ta bayanta ce ta karya mutane. Ruwa ya sauka a makare, aka yi shuka ta ƙone, aka sake ta sake ƙonewa. Ta ukun ce ta kama, ita ma gero yana cikin fitar da kai sama ta ɗauke. Abin da Badaru ya kwaso daga gonaki uku bai kai rabin rumbu ɗaya ba, zangarniyar ma in ka murza rabinta ƙaiƙayi ne. Gyaɗa kuwa ko irin da aka zuba ba ta mayar ba.

Bayan kaka maza suka fara watsewa ci-rani. Badaru ya kai jakinsa da tumaki biyu kasuwar Gaya ya sayar da su a wulaƙance, don kowa sayarwa yake yi, babu mai saye. Ranar da za su tafi Kano shi da Datti, ya kira Hure gindin rumbu, ya ɗage murfin ya ce ta hau ta leƙa. Shekararta goma sha shida a gidan ba ta taɓa ganin cikin rumbun ba, shi yake fitar da dami ya ba ta.

"Kin gani?" ya ce.

"Na gani, Malam."

"To, iyakar abin da muke da shi ke nan. Ga naira goma sha biyu. Iri yana ɗakina cikin tulu, na liƙe bakinsa da laka, ko me za a yi kada a taɓa shi. Ba zan dawo ba sai na ga hadari, ba na kuma jin zan sami abin aikowa. Ki kai min su damina da ransu."

"Da yardar Allah," ta ce.

A lokacin naira ba ta cika shekara da fitowa ba, mutanen ƙauye suna ta rikicewa da ita. Hure ba ta amince da takarda ba. Ta kai su wajen mai shago ya canza mata zuwa sulalla, ta yage wani tsohon zane ta yi ƙulli ashirin da huɗu, kowane ƙulli sule biyar, kowane ƙulli kasuwa ɗaya. Ta sussuke dami ɗaya ta auna, ta ƙirga sauran da ke rumbu, ta ga in za su kai watan shuka sai dai mudu ɗaya ya yi musu kwana biyu, su huɗu: ita da Gaji da Barira da Baiwa. Ta tsayar da haka, ba ta kuma sake duba maganar ba.

Gwiwoyin Gaji sun daina kai ta Ajingi, kulle kuma ya zama labari, don haka Hure ce ta koma zuwa kasuwa da kanta. Kowane mako sule biyar ɗin nan sai ta ga sun ƙanƙance. Nama ne ya fara fita daga cefanen, sai manja, sai kananzir, aka koma cin abinci kafin rana ta faɗi. Sabulu ya fita, aka koma wanki da toka. Ƙullin ya koma na dusa da ƙuli-ƙuli da ɗan gishiri. Dusar take cuɗawa da garin gero, ta zuba busasshiyar tafasa ko yaɗiya don tukunya ta yi kama da ta cika. Goron Gaji ne ya yi saura, har ranar da tsohuwar ta ce da bakinta a daina, wai ya fara sa ta jiri. Hure ta san ba jiri ba ne, ta dai daina saye.

Sau ɗaya aka ce ana rabon hatsin agaji a Gaya. Ta bi ayarin mata a ƙafa, suka tarar da layi ya zagaye fili har ya fita titi. Kafin a zo kansu buhunan sun ƙare. Ta juyo ba ta sayi ko ƙosai ɗaya ba, don ranar ba ranar kwance ƙulli ba ce.

Ana cikin wata na huɗu da tafiyar Badaru, zafin bazara ya fara, wata rana da la'asar Barira ta shigo ta ce ga wani tsoho a zaure yana sallama. Hure ta leƙa. Sai da ya ɗago malafa ta gane ubanta. Ba shi da komai sai sanda da buta. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa kamar jiya suka rabu. Ba ta tambaye shi shanu ba, shi ma bai faɗa ba. Gaji ce daga baya ta ja shi da hira har ta ji labarin: ya bi ciyawa da su har bakin kogi, suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, ta ƙarshen ya sayar da ita kuɗin fatarta.

"Wucewa nake yi," ya ce wa Hure. "Na ce bari in ga yaran."

Ta share masa zaure, ta shimfiɗa tabarma. Ta dama masa kunu mai kauri irin wanda rabon gidan da shi tun kaka, ta tsaya daga bayan ƙofa tana jin yadda yake sha a hankali, yana hutawa tsakanin ludayi da ludayi kada a ce yana jin yunwa. Ƙafafunsa sun kumbura. Washegari bai wuce ba, jibi ma haka. Kunyar cin abincin gidan surukai tana damunsa, kullum sai ya rage loma biyu a akushi, ya kuma nemi abin yi: ya gyara dangar da ta faɗi, ya tufka igiyar guga, ya zaunar da Baiwa yana koya mata sunayen shanun da ba su nan.

Hure kuwa ba ta da aiki sai lissafi a zuci. Tana daka tana yi, tana jan ruwa tana yi. Mudun kwana biyu ya koma na kwana ɗaya da rabi. Ta juya abin ta kowace fuska, amsar ɗaya ce: in baki biyar ne, rumbu zai ƙare saura wajen kwana ashirin a sa ran ruwa. In kuwa ruwan ya makara kamar bara, to babu ma abin faɗa.

Gaji ta lura da ita. Rana ta bakwai da zuwansa suna tsintar tsakuwa a dusa ta ce, "Na ga abin da yake cin ki. Ki bar shi ya zauna. Ni cikina ya tsufa, rabin nawa ya ishe ni."

"Rabin naki ludayi uku ne, Inna."

"To ki riƙa kwance ƙulli biyu, ki sayo gero ki ƙara."

"In na kwance na mako mai zuwa yau, in makon ya zo me zan kwance? Ni aka bar wa amana. Ya ce in kai ku damina."

"Ubanki ne fa, Hure."

"Na sani," ta ce.

Ba za ta iya buɗe baki ta ce masa ya tafi ba, wannan ko a mafarki. Abin da ta yi shi ne, kullum a cikin ɗaki take awon abinci, amma rana ta takwas da hantsi ta fito da ƙwaryar gero da mudu tsakar gida, ta zauna daidai inda ake hangowa daga ƙofar zaure. Ta san yana zaune a wurin. Ta cika mudun, ta sa gefen hannu ta shafe kansa. Ta tsaya tana kallonsa. Sannan ta ɗebi tafi ɗaya ta mayar cikin ƙwarya, ta sake ɗiban rabin tafi ta mayar. Ƙwaya uku ko huɗu suka faɗi ƙasa, ta bi su ɗaya ɗaya ta tsince. Ba ta ɗaga kai ta dubi zauren ba har ta gama.

Da yamma akushinsa ya dawo da fiye da rabi. Washegari bayan rana ta fito ya aiko Barira ta kira ta. Ta same shi a tsaye, ya naɗe tabarmar ya jingine a bango.

"Zan gangara kudu," ya ce. "An ce Ɗantani yana can wajen Birnin Kudu da sauran shanunsa. Zai so mai taya shi kiwo."

Ɗantani ɗan ƙanensa ne, kuma su biyun sun san shekara biyu ke nan babu wanda ya ji ɗuriyarsa. Hure ta dubi ƙafafunsa. Abin da ya kamata ta faɗa yana bakinta, kalma biyu ce kawai, ta kuma san in ta faɗa sau biyu zai zauna.

"To, Baffa," ta ce. "Allah ya kiyaye hanya."

Ta shiga ta ƙullo masa gumba dunƙule biyu da ƙuli-ƙuli biyar. Ya karɓi gumba ɗaya ya miƙo mata sauran. "Ba wa yaran. Allah ya yi miki albarka, yarinya. Kin iya riƙo." Ya ɗauki sandarsa ya bi hanyar da ta ratsa gonaki. Gaji ta fito da rarrafe har ƙofar zaure tana kiran ya dakata rana ta yi sanyi, bai juyo ba. Hure ta koma ta ɗora tukunya.

Daga ranar ta ƙara matse awon fiye da da. Nata kason ta raba biyu, wani lokacin ƙanzo kawai take kankara ta jiƙa ta sha. Idanunta suka faɗa, zanenta ya riƙa zagaye ta sau biyu. Gaji ta yi kwana goma ba ta yi mata hira ba, daga baya ta saki, don su biyu ne manya a gidan, babu inda ɗaya za ta kai fushi.

Ruwan 1974 bai makara ba. Badaru da Datti suka dawo tun kafin ranar da ta sa musu, sun rame sun yi baƙi da ga-ruwa da dako, amma da rabin buhun masara a kai. Badaru ya tarar da uwarsa da rai, 'ya'yansa biyu da rai, tulun iri da lakarsa ba a taɓa ba. Ya hau rumbu ya leƙa, ya ga dami shida a ƙasa. Yana saukowa Hure ta miƙa masa zanen da ƙulli huɗu ba a kwance ba.

"Har da saura?" ya ce. Ya juya wajen uwarsa yana dariya, idonsa da ƙwalla. "Inna, kin ga har da saura."

Hure tana tsaye tana kallon ƙullin sulallan a tafinsa, kanta yana yin abin da ya saba ba tare da ta sa shi ba. Dami shida da naira biyu. Abincin tsoho ɗaya ne na wata biyu, har da ragowa.

Badaru ya ba da labarin a ƙofar masallaci, ya ba da shi a kasuwa. A garin da gidaje da dama suka cinye irinsu, wasu suka binne yara, matarsa ta kai damina har da saura. Mata suka riƙa shigowa yi mata barka, tana amsawa tana kallon ƙasa. Da aka gaya masa surukinsa ya zo ya wuce, ya ari keke bayan an gama shuka ya je Gaya, ya wuce har Birnin Kudu yana tambayar Fulani a kasuwanni. Babu wanda ya san inda Ɗantani yake. Dogon tsoho mai sanda da buta kuwa, duk wanda aka tambaya sai ya ce ya ga irinsu da yawa a bazarar nan, wasu sun wuce, wasu an binne su a bakin hanya ba a san sunansu ba. Hure da kanta ta je karar shanu ta Gaya sau biyu, ta tsaya daga gefe tana duban fuskoki. Ba a sake jin labarin Bubayero ba.

Kakar shekarar ta yi kyau, rumbu biyu suka cika. Badaru ya ɗauka gida zai koma yadda yake. Amma tuwon da ake kawo masa bai girma ba, miyar kuma ta zama ruwa da kuka. Da ya yi magana ta ce ba a san abin da baɗi za ta zo da shi ba. Baɗin kuwa ta ba ta gaskiya: cuta ta shiga gyaɗa ta nannaɗe ganyenta, gari bai sami ko buhu ɗaya na kirki ba, sannan aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kayan kasuwa suka ninka kuɗi a wata guda. Badaru ya mayar da kuɗin cefane naira ɗaya da rabi. Ta karɓa ta yi godiya, amma abin da take sayowa bai wuce na sule bakwai ba. Da can tsimin nata dabara ce, ana ci ana ƙoshi. Yanzu dabarar ta tafi, hanin ne kaɗai ya rage. Baiwa ta koma zuwa gidan maƙwabta lokacin cin abinci. Badaru ya koma sayen tsire a ɓoye yana ba yaran a zaure.

Gaji ce kaɗai take tare mata in ya fara faɗa. "Ƙyale ta," take cewa. "Ba ka san abin da aka yi a gidan nan ba." Ya tambaya me aka yi, ta ce yunwa. Tsohuwar ta rasu a daminar 1976, ba ta gaya wa kowa ba.

An aurar da Barira a Gaya. Datti ya auro wata yarinya 'yar Ajingi mai suna Hanne, aka yi musu ɗaki a gidan. A bazarar 1978 Badaru ya ce zai sake jinkar ɗakin Hure kafin ruwa, ta ce a bari, ya ƙi. Da aka janye gadon kara sai ga tukwane biyar a binne har wuya, an rufe su da faifai an yaɓe. Ya fasa ta farko, wani wari ya taso. Gero ne, ƙwari sun mayar da shi gari, yana motsi. Ta biyu dawa ce ta yi baƙi. A ta ƙarshe ya sami tsummoki ƙulli-ƙulli, sulalla a wasu, a wasu kuma takardun naira da gara ta cinye sai gefe-gefe.

Ya sallami masu taya shi aiki, ya zauna a bakin ramin. "Hure, shekara huɗu muna kwana da yunwa a kan wannan?"

Ta durƙusa tana tattara garin da ya zube da hannu biyu.

"Bar shi, ko kaji ba za su ci ba. Ki gaya min me ya same ki."

A nan ta gaya masa, ba kuka, kamar mai jero cefane. Ta faɗi yadda ta fito da mudu tsakar gida, da inda ta zauna, da tafi ɗaya da rabin da ta mayar. Ta faɗi gumba ɗayan da ya karɓa.

"Ba ki kore shi ba," Badaru ya ce. "Kwanansa ne ya ƙare. Kowa ya yi abin da ya yi a shekarar nan, Allah yana gani."

"Ka ce har da saura, Malam. Kana dariya."

"Ai ban sani ba."

"In yunwar tana nan tafe, to ban yi laifi ba, tanadi na yi," ta ce. "In kuwa ta wuce, me zan ce na yi?"

Ya ɗauki tukwanen ɗaya ɗaya ya kai juji. Ranar kasuwa ta gaba ya kira Hanne a gaban Datti, ya ba ta kuɗin cefane da mudu, ya ce daga yau girkin gidan gaba ɗaya a hannunta yake, Hure ta huta. Ya faɗa da taushi. Hanne ta karɓa tana jin nauyi, ta je ta durƙusa ta ce, "Inna, sai ki riƙa nuna min." Hure ta ce ba komai, ta yi yadda ta iya.

Kwana biyu ta zauna a ƙofar ɗaki tana kallon yarinyar tana tsiyaya mai a miya, tana zubar da ruwan wankin gero a ƙasa. Rana ta uku ta juya tabarmarta ta fuskanci danga. Barira ta zo ta ɗauke ta zuwa Gaya ko za ta sami sauƙi, ta yi kwana goma sha biyu ta ce a mayar da ita, gidan suna barin fitila a kunne ba kowa a ɗaki.

Bayan ta dawo ta sami abin yi. Duk ranar kasuwar Ajingi sai ta fita da ƙaramar ƙwarya, ta jira 'yan awo su naɗe buhunansu da yamma, ta durƙusa tana tsintar ƙwayar da ta zube cikin ƙasa. Baƙi da ba su san ta ba sukan jefa mata kobo, ta ɗauka. Badaru ya hana, ya roƙa, ya ce tana sa ana cewa ba ya ciyar da ita. Ta ce to, mako na zagayowa ta sake fita. Daga baya ya daina magana, sai dai in rana ta yi sanyi Datti ya hau keke ya je ya ɗauko ta.

A daminar 1979 ruwa ya kama ta a hanyar dawowa daga kasuwa, ta kwanta da zazzaɓi da tari. Jikin babu abin da zai riƙe ciwo da shi. Hanne ta dama mata kunu da nono da sukari, ta kurɓa sau biyu ta tambayi nawa aka sayo sukarin. Aka ce kyauta aka kawo, sannan ta ƙara kurɓa ɗaya. Ta yi kwana tara a kwance, ta cika ranar wata Talata da azahar, shekarunta ba su wuce arba'in da ɗaya ba. Aka yi mata sutura kafin la'asar, maza suka dawo daga maƙabarta suka yi zaman makoki kwana uku, sannan suka koma gona, don lokacin maimai ne, ciyawa ta taso.